Amsa ga mai neman wuƙa ɗaya da za ta yi masa komai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka. An tura ka aikin malamin gona, kullum kana kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan, kana neman wuƙa guda da za ta yanke igiya, ta farke buhu, ta fere rake da mangwaro, ta yi wa bishiya aure (wato haɗa reshen wata a jikin wata), in ta kama ta yanka kaza, har da ragon layya. Ka kuma sa hoton wata ƙatuwar baƙar wuƙa mai haƙoran zarto a ƙeyarta, ka ce ko ita za ka saya, sannan ta yaya za ka riƙa yawo da ita ba ka faɗa hannun hukuma ba.

Tsakanin lambu da kiwo da kwana a daji, na daɗe wuƙa ba ta rabuwa da ni, don haka bari in faɗa maka abin da na gani. Wuƙa biyu kake buƙata a yawon aikinka: ƙarama mai naɗewa a aljihu, da matsakaiciya mai kube a cikin jaka. Ta hoton nan kuwa, don Allah ka bar musu abarsu.

Irinta kauri gare ta, kuma kauri shi ke hana wuƙa shiga abu. Ka ɗora ta a kan albasa, tsaga ta za ta yi maimakon ta yanka. Haƙoran ƙeyarta ba sa yanka icen kirki, sai dai su sarƙe a igiya su yagi kube. Mafi yawan masu araharsu ƙarfen bai ratsa ƙotar ba, ɗan guntu ne aka ɗaure da noti, ranar da ka danna da ƙarfi sai ƙota ta rage a hannunka. Uwa uba, duk wanda ya gan ta makami ya gani, ba mai cewa kayan aikin gona ne.

Ta kuben, ni maƙera nake zuwa a ƙera mini. Kusan kowace kasuwar mako tana da maƙeri, kuma a cikinsu akwai waɗanda mahauta ke kai wa aiki. Ka tambayi mahautan garin wa ke yi musu wuƙa, domin mutumin da ke fiɗa tun asuba ba ya komawa wurin wanda ya ba shi ƙarfen banza. Kada ka tsaya kan waɗanda aka baza a tabarma, da yawansu daga gwangwanin tanki ko ƙarfen rodi aka buga su, kwana biyu sun dakushe. Ka ce a yi maka da sifirin ɗin mota. Shi wannan ƙarfen yana karɓar tauri kuma ba ya saurin karyewa. Wasu suna yi da tsohon magagari, yana kaifi sosai, amma in ba a sassauta taurinsa ba, faɗuwa ɗaya a kan siminti zai ɓalle.

Tsawon bakin kada ya wuce santimita 10 zuwa 12, wato faɗin tafin hannunka da ɗan ƙari. Kaurin ƙeya milimita 2 zuwa 3 ya isa. Tsinin ya ɗan sunkuyo ƙasa, cikin ya ɗan yi tumbi kusa da tsini, saboda da wannan lanƙwasar ake fiɗa ba a huda fata ba. Baki ɗaya za a yi mata. Mai baki biyu, irin wadda Buzaye ke ɗaurawa a damtse, kyakkyawa ce kuma tana da tarihinta a Azbin, amma ba za ka iya dafa babban yatsa a ƙeyarta kana ferewa ba, kuma rabin aikin gona da wannan dafawar ake yinsa.

Inda maƙeri ke nuna gwanintarsa shi ne wajen ba ta tauri. Zai zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a mai ko a ruwa, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. Akwai wani tsoho da nake kai wa aiki, idan ya zo nan sai ya sa yaron zuga-zugi ya dakata, ya goge bakin da dutse har ya yi fari, ya ɗora ƙeyar a kan garwashi yana kallo. Launi na tasowa daga ƙeya yana gangarowa, da ya iso baki ya zama ruwan karan dawa sai ya fizge ta ya tsoma. Ba ya amsa ko sallama a wannan lokacin. In ya bari ta kai shuɗi, ta yi laushi, sai an sake daga farko.

Kai da ba maƙeri ba, ga yadda za ka gwada kafin ka biya. Ari magagarinsa ka goga a bakin a hankali: idan ya kama yana cin ƙarfen cikin sauƙi, ba ta da tauri, in kuwa yana zamewa yana ƙara, ta yi. Ɗaga ta ka hango ta daga ƙota zuwa tsini ka ga ko ta karkace. Duba ƙarfen a rana ko akwai siririn tsagu, domin tsohon sifirin yakan zo da shi. Sannan ka sara busasshen ice sau biyu ko uku ka shafa bakin, kada ya lanƙwashe, kada ya yi giɓi. Ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe, a ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku da aka dandaƙe kansu. Icen marke ko aduwa ko ƙirya duk suna yi, in dai ya bushe sarai. Ɗanyen ice da hunturu ya shigo zai tsuke, ƙota ta fara girgiɗi. Ka ce ya bar ɗan tudu tsakanin ƙota da baki, don ranar da hannunka ya yi jini ko maiƙo kada ya zame ya hau kaifi.

Daga nan sai wurin dukawa. Ka kai musu wuƙar da kanta su auna, kada ka sayi kuben da aka riga aka ɗinka. Fatar saniya mai kauri, a sa wani zirin fata a tsakiyar ɗinkin ta gefen kaifi, in ba haka ba wuƙar za ta cinye zaren. Kube ya haɗiye har rabin ƙota. Ka juya shi ƙasa ka girgiza, idan ta faɗo bai yi ba.

In ka fi son ta kamfani, akwai Mora ta ƙasar Suwidin, samfurin Companion, bakinta wajen santimita 10, da kuben roba mai riƙe ta gam. Siffarta kusan abin da na kwatanta maka ce, kuma damina ba ta damun kubenta.

Ta aljihu kuwa ita za ka fi cirowa a wuni, nan ne ya kamata ka ɗan saki kuɗi. Biyu na yarda da su. Opinel ta Faransa, tun 1890 ake yinta a yankin Savoie, ƙotar ice, da zobe a wuya wanda kake murɗawa ya kulle baki. Lamba 8 ita ce daidai aljihu, bakinta santimita 8.5, siriri ne ƙwarai, ga sauƙin washi. Aibinta ɗaya, da damina icen kan kumbura ta ƙi buɗewa, sai ka buga gindin ƙotar a kan ice tsinin ya leƙo. Ta biyun Victorinox ta Siwizalan, jar nan mai alamar kuros, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a 1884. Ka nemi mai ɗan zarto da sukudireba, don mai babur ba ya rasa abin ɗaurewa, kuma zarton nata yana yanke reshe tsaf. Mafi yawansu ba su da makulli, saboda haka ba a soka abu da su, za ta iya rufewa a kan yatsunka. Jabunta sun cika kasuwa. Ta gaske an buga sunan kamfanin a gindin babban bakin, tana buɗewa ta rufe da ƙara mai tsafta, ba ta girgiɗi. Wadda aka ce maka kuɗin kwanon abinci ce, ka san araha ba ta ado. Mai maɓallin da ake dannawa ta fito da kanta kuwa, kada ma ka taɓa ta.

Auren mangwaro da lemo da ta aljihun za ka yi, amma sai tana aske gashin hannu, domin yanka ɗaya sumul ake so fuskokin biyu su manne. Ka riƙa goge bakin da sifirit tsakanin bishiya da bishiya, kada ka kwashi cuta daga gonar wani ka kai gonar wani. In aikin ya yi yawa, akwai wuƙar aure ta musamman da ake wasa wa gefe ɗaya kawai.

Washi ka koya da hannunka, wannan ya fi zaɓen wuƙar kanta muhimmanci. Dutsen nan mai fuska biyu da ake sayarwa a shagon kayan gini ya wadatar. Jiƙa shi. Tsayar da wuƙar a kansa cak, kwantar da ita rabi, sake kwantar da rabin wannan, to wajen nan ne, kusan digiri 20. Ka yi ta turawa a gefe ɗaya har ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya taso ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Mutane da yawa suna juyawa kafin ya taso, shi ya sa suke wuni suna washi ba kaifi. Ka koma fuska mai laushi, ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata kana ja da baya. Masu washin inji da ke zagaya unguwa suna da amfani ga adda da gatari, amma kada ka ba su wannan. Injin na ƙona baki, da ka ga ya yi shuɗi to taurin da maƙeri ya wahala a kai ya tafi.

Baƙin ƙarfe yana tsatsa, kuma ruwan lemo da tumatir za su sa ya yi duhu. Duhun ba komai ba ne, yana ma kare shi. Jar tsatsa ce abar gudu. Wanke da sabulu, goge ta bushe, shafa ɗan man kaɗanya ko basilin. Kada ka sa baƙin mai a wuƙar da ke taɓa abinci. Idan za ka ajiye ta ta daɗe, musamman a watan Agusta, ka zare ta daga kube ka naɗe a tsumma, fata tana riƙe laima. Kuma wuƙar da ta yanka kaza ba ta komawa kan mangwaro sai ta ga sabulu.

Batun ɗauka shi ya fi damuna, domin a nan ne yaro mai mutunci kan wayi gari a bayan kanta. Ka san halin da faɗan daba da ƙwacen waya suka jefa Kano da wasu garuruwanmu, kuma 'yan sanda na kamen matasa da wuƙaƙe. Mai binciken ba ya ganin zuciyarka, abin da ya gani shi ne inda wuƙar take da abin da ke tare da ita. Wadda aka zaro daga ƙugu a ƙarƙashin riga ko daga safa, magana ɗaya take faɗa. Wadda ke ƙasan jaka tare da almakashin datse reshe, ledar ɗaure aure, tef ɗin awo da littafin aiki, wata maganar daban take faɗa. Katin shaidarka ya kasance a jikinka kullum. In aka tsayar da kai aka ce buɗe jaka, ka riga su faɗa: ranka ya daɗe, akwai wuƙar aiki a ciki, ni malamin gona ne. Kada ka kai hannu ka ciro ta sai an ce ka ciro. Ranar da ba ka fita aiki, mai kube ta kwana a gida. Biki, taron siyasa, gidan kallon ƙwallo, banki, hawan sallah, ko ta aljihun kada ta bi ka. Jirgin sama kuma ba a shiga da ita a jakar hannu, sai a kayan da ake aunawa.

Kada ka rataya ta a ƙugu kana tuƙa babur, ko da cikin daji ne. Na ga wanda yashi ya kayar, tsinin ya huda kube ya shige masa cinya, ga asibiti da nisa. A jaka, jakar a ɗaure a kariyar babur. Kuma kada ka sa a ranka cewa ta kare kai ce. Wanda ya ɗauke ta da wannan niyya, ranar da aka ɓata masa rai hannunsa can zai tafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. In za ka miƙa wa mutum wuƙa, ƙota ce ke fuskantarsa, ko ka ajiye ya ɗauka. A gida kuma sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Saura layya. Kaza da zabo, mai kuben za ta yi, haka fiɗar rago. Amma yankan ragon kansa, santimita 12 ta yi gajarta, za ka yi ta kai da komo dabba tana wahala. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslim ya ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Don haka tun da za ka je maƙera, ka sa ya buga maka doguwa siririya wadda tsawonta ya ninka faɗin wuyan rago, ba ta taɓa ƙashi, ba ta taɓa igiya, ba ta fita daga gida. Ka wasa ta tun ranar Arfa, ba a gaban ragon ba, ka bi bakin da farce daga gindi zuwa tsini, in farcen ya tsaya a wani wuri akwai giɓi, koma kan dutse. Ka kuma ba da aikin da wuri, domin da watan Zulhajji ya kama maƙera ba sa ɗaga kai, abin da za su yi maka a gaggauce ba zai kai wanda na kwatanta ba.