Amsa: Naira ta faɗi, me ya hana albasarmu yin araha a ƙetare?

Malam, ka tambaya tunda naira ta faɗi, me ya hana albasar Aliero ci gaba da yin araha ga masu saye daga Nijar da Binin. Ai ba farashin canji na kasuwa kaɗai ake dubawa ba. Masana tattalin arziki suna da ma'aunin ainihin ƙimar kuɗi: a gwada naira da kuɗaɗen ƙasashen da muke ciniki da su, kowace a ba ta nauyi gwargwadon cinikinmu da ita, sannan a yi lissafin bambancin hauhawar farashi tsakaninmu.

Wannan na ƙarshen shi ke cin mu. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. Amma a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ita kuwa sefa, kuɗin Nijar da Binin, a ɗaure take da yuro, kayansu ba sa tashi irin namu.

Da idona na gani a Kamba, garin kan iyaka a jihar Kebbi. Da farko mutanen Gaya ta Nijar suna zuwa da sefa suna kwasar buhuna, baki har kunne. Ba a jima ba taki ya yi tsada, man injin ban ruwa ya ninka, kuɗin mota ya hau, rangwamen duk ya zaizaye. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin manomi ne ya ɗauki asarar.

Kuma ma'aunin nan bai san shingayen hanya ba, bai san rufe iyakar Nijar da aka yi bayan juyin mulkin 2023 ba.