Haɗa Takin Gargajiya da na Zamani a Gonar Shinkafa: Amsar Tambayoyinku

Tambaya: Na zuba kashin shanu mai yawa a gonar shinkafata. Zan iya haƙura da takin zamani bana?

Amsa: Malam, ka rage dai, amma kada ka haƙura gaba ɗaya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Tan ɗaya na kashin shanu kuwa bai cika wuce kilo 5 zuwa 10 ba, kuma ba duka yake saki a shekarar farko ba. Ita shinkafa sai ta ja kilo 15 zuwa 20 kafin ta ba ka tan ɗaya na shanshera. Ka ga ke nan sai an yi lodin kashi ba kaɗan ba kafin ya maye gurbin buhu ɗaya.

Amfanin kashin a wani wuri yake. Yana sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe danshi, yana ciyar da ƙananan halittun cikinta, yana kuma kawo sinadarai irin su zink da babu su a yuriya ko kamfa, wato takin NPK. Ƙasar da ta samu haka tana riƙe takin zamani maimakon ruwa ya wanke shi. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu sun zuba buhu daidai wa daida, amma ɗaya ya fi ɗaya girbi.

Tambaya: To yaya tsarin zubawar yake?

Amsa: Lokaci ya fi yawa muhimmanci a nan. Takin gargajiya shi ne farko, kamar tan 5 a hekta in da hali, a juya shi cikin ƙasa mako 2 zuwa 3 kafin dashe. Idan kashin kaji ne rabin haka ya isa, don ya fi ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne: ya zama ya ruɓe. Ɗanyen kashi idan ruwa ya rufe shi a fangali yakan ruɓe babu iska, ya fitar da tsami da iskar da ke cutar da saiwa, ga irin ciyawa da yake tahowa da shi.

Kamfa, wato NPK 15-15-15, ana zuba shi lokacin dashe ko cikin makon farko. Yuriya kuma a raba ta biyu: rabi idan shinkafa ta fara fitar da 'ya'ya daga gindi, rabi dab da ta ɗauki ciki. A rage ruwa kafin a watsa, a toshe mafita na 'yan kwanaki. Mai watsa yuriya a ruwa mai gudana, gonar ƙasa da shi yake wa hidima. Idan ganye ya riga ya yi kore har yana neman baƙi, a rage rabi na biyu na yuriyar, domin naitirojin in ya yi yawa shinkafa takan kwanta, cuta ma ta fi kama ta.

Tambaya: Zan iya cakuɗa yuriya da toka don ta ƙara auki?

Amsa: A'a. Toka tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. Ka bar tazarar mako ɗaya ko biyu a tsakaninsu.

Tambaya: Mu ƙone bambaro muke yi bayan girbi. Da matsala?

Amsa: Akwai, kuma wannan ɗabi'a tana damuna. Mafi yawan fotash, wani sinadarin abincin shuka, da shinkafa ta zuƙa a cikin kara yake zama, ba a ƙwaya ba. Wuta tana cinye kusan duk naitirojin da ke ciki, tare da abin da zai ruɓe ya gyara ƙasa, tokar kuma ta taru wuri ɗaya. Ku shimfiɗa wa dabbobi shi a turke, ko ku tara shi hawa-hawa da kashi kuna yayyafa ruwa kuna juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 zai zama takin da za ku mayar gona.