Muryar da na tura wa Malama kan dokokin wiki na aji

Assalamu alaikum 'yan gurup, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, ina kan hanya ne shi ya sa ban tsaya rubutu ba. Malama, tambayar da kika yi jiya da daddare cewa kin buɗe wa 'yan ajinki wiki a manhajar koyarwa ta intanet mai suna Moodle, wiki ɗin wato shafin nan da kowa zai shiga ya rubuta ya kuma gyara na ɗan uwansa, kina neman dokokin da za ki gindaya musu kafin su fara. To ni na yi da 'yan SS2, kuma sai da na sha wuya kafin na gano bakin zaren.

Na farko, don Allah ko kin manta komai kar ki manta wannan, kowane yaro da nasa akawun da tasa lambar sirri. Ni da farko guda ɗaya na buɗe wa ajin gaba ɗaya wai don sauƙi. Na ba wani rukuni aiki kan marinar Ƙofar Mata, wata yarinya ta sa yayanta ya raka ta har wajen, ta zauna da marina suka nuna mata yadda ake jiƙa baba da toka a rami, ta dawo ta kwana biyu tana rubutawa da wayar mamanta, ranar Litinin muka buɗe shafin wayam, an goge tas. Yarinyar nan kife kai ta yi a benci tana kuka, wallahi har yau abin yana min ciwo. Rubutun dai bai ɓata ba, don wiki yana ajiye tarihin duk wani gyara, na shiga na dawo da shi nan take, amma da na duba wa ya goge sai ga suna ɗaya ne na kowa, kowa kuma ya rantse ba shi ba ne. Kin gane ko? Ki nuna musu wannan tarihin a allo tun ranar farko, su ga suna da lokaci suna fita. Kuma yawanci wayar gida suke ara, to ki sa a doka cewa in an gama a fita daga akawun.

Sai maganar taɓa aikin wani. Gyara ai shi ne amfanin abin, amma ba a goge sakin layin wani sai an rubuta dalili a wajen sharhi. Ko Wikipedia ta Turanci tana da doka, ba ka warware gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24. Ni a ajina sau ɗaya kawai na yarda a warware, in aka sake yin ja-in-ja a kawo min. Zagi, habaici, tsokanar ƙabila ko addini ko aƙida, wannan babu shi sam.

Abin da na fi jin tsoro shi ne sirrin yaran, musamman 'yan mata. Ba hoton fuska, ba lambar waya, ba sunan unguwa ko kwatancen gida, kuma shafin a rufe shi ga 'yan aji kawai. Ba ra'ayina ba ne kaɗai fa, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce kafin a yi amfani da bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa, don haka ki sanar da firinsifal, ki rubuta 'yar takarda da Hausa iyaye su sa hannu.

Kwafi kuma, duk wanda ya ɗauko magana ya faɗi inda ya samo, hoto kuma su duba Wikimedia Commons, wato rumbun hotuna na kyauta a intanet, su rubuta sunan mai shi.

Hukunci ni ba bulala, wanda ya karya doka ana hana shi gyara na sati ɗaya, sai dai ya karanta, kuma hakan ya fi musu zafi. Dokokin kar su wuce shafi ɗaya, ki zauna da su ku tsara tare su sa hannu, mu da muka yi haka wani yaro ne ma ya kawo shawarar hana gyara bayan ƙarfe 10 na dare. In na isa gida zan ɗauki hoton tamu takardar in turo miki, ki cire abin da bai dace da ajinki ba.