Canjin da Nake Bari a Kanti Don Marayu, Ina Yake Zuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Akanta. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. Duk ƙarshen wata nakan je wani babban kanti in yi sayayyar gida. Kwanan nan, in yarinyar da ke kan na'ura ta gama lissafi sai ta ce, "Hajiya, za ki bar canjin a taimaka wa marayu?" Ga mutane a bayana cikin layi, sai in ji nauyin cewa a'a, in bari, in fito raina ba daɗi. Ɗana ya ce dabara ce, da kuɗinmu suke rage harajinsu. Gaskiya ne? In na ƙi ina da laifi? In kuma na bayar, zan iya lissafa shi cikin zakkata?
Daga wata Hajiya a Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da maganar ɗanki, don ita ta fi yawo a bakin mutane, kuma ita ta fi rauni.

Kuɗin da kika bari a bakin kanta ba ciniki ba ne, tunda ba a sayar miki da komai a kansa ba. A littafin kanti ba ya shiga layin kuɗin shiga. Ana rubuta shi ne a ɓangaren bashin da ke wuyan kantin, wato kuɗin wani da ke ajiye a hannunsa har ranar da zai miƙa. Kamar mai karɓar adashi ne da ke zaga rumfunan kasuwar Kejetia da jakarsa: jaka cike take, amma ran da ya lissafa abin ciki a matsayin ribarsa, ran nan ya zama ɓarawo.

Gaskiya ne dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, wato Act 896, ta yarda kamfani ya cire gudummawar da ya bayar ga aikin alherin da hukumar tara haraji ta Gana, wato GRA, ta amince da shi, kafin a lissafa masa haraji. Amma ana nufin abin da ya fito daga aljihunsa. Mu buga lissafi. Harajin yawancin kamfanoni a Gana kashi 25 cikin 100 ne na riba. In kanti ya ba da sidi 10,000 daga ribarsa, harajinsa ya ragu da sidi 2,500, shi kuma ya rabu da 7,500. Ba wanda ke yin arziki ta wannan hanya. To a ce canjin mutane ne ya taru ya kai sidi 10,000, kantin ya rubuta shi a matsayin kuɗin shigarsa don ya samu damar cirewa. Ya ƙara 10,000, ya cire 10,000, ya koma inda ya taso. Hanya ɗaya ce tak da zai ci riba: ya ɓoye shigowar kuɗin, sannan ya nemi rangwame a kan fitarsu. Wannan kuwa zamba ce tsagwaronta, kuma irin wadda masu binciken asusu ke saurin kamawa, don na'urar kanti tana ajiye sawun kowace fesuwa, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sidi.

Ki gaya wa ɗanki yana da gaskiya da ya yi zargi, sai dai ya dubi inda ba nan abin yake ba. Ribar da kanti ke samu suna ne. Ƙarshen shekara za a buga ƙaton cek na kwali, manaja ya sa kwat, a kira 'yan jarida, a ɗauki hoto da yara. Sunan kanti ne a jikin cek ɗin, kuɗin kuwa na Hajiya ne da sauran mutanen layi. Nan ne ni ma nake da ƙorafi. Kantin da ya san ya kamata zai faɗa fili cewa abokan cinikinsa ne suka tara, ya kuma ɗora nasa a kai. Wanda ya tara na jama'a ya yi shiru, ya karɓi godiya shi kaɗai, bai karya dokar haraji ba amma ya ci yabon da ba nasa ba. Akwai kuma tsawon lokacin da kuɗin ke kwana a asusun kantin kafin a miƙa. Mai miƙawa duk wata daban yake da mai riƙewa shekara guda, musamman a ƙasar da darajar sidi ke sauyawa.

Nauyin da kike ji a bakin kanta ba daga ke ba ne, haka aka tsara wurin. Jaka a buɗe take, kuɗi na hannu. Wanda ya gama biyan sidi 400 na shinkafa da mai da sabulu zai ga fesuwa 50 kamar ba kuɗi ba. Sannan ga idon mutanen baya, ga kalmar marayu da aka faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Mu kuwa mutanen zango an rene mu a kan kunya, ba a ce wa mai roƙo a'a kai tsaye, sai dai "Allah Ya ba mu haƙuri". Masu tsara wannan roƙo sun san da haka, ko a Kumasi ko a Landan.

Duk da haka ban ce tsarin banza ba ne. Ga ƙungiyar agaji, wannan na daga cikin hanyoyin tara kuɗi mafi araha: ba ta ɗauki ma'aikaci ya bi gida-gida ba, ba ta kama zauren taro ba. In kanti yana da masu saye 1,000 a rana, kowa ya bar fesuwa 50, an samu sidi 500, a wata 15,000. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1987 asusun UNICEF ke karɓar ragowar tsabar kuɗin matafiya a cikin jiragen sama, a Ingila kuma tun 2010 wata ƙungiya mai suna Pennies ta mayar da akwatin sadaka cikin na'urar biyan kuɗi da kati. Mu nan abin ya biyo manyan kantuna ne, irin waɗanda suka yawaita bayan buɗe Accra Mall a 2008 da Kumasi City Mall a Asokwa a 2017.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne ko kuɗin ya bar sawu. In ta na'ura aka shigar, zai fito a rasit a layinsa daban, a ƙasan kayan da kika saya, ba a haɗa shi da harajin da ake ɗorawa kan kaya irin su VAT ko NHIL ko GETFund ba, don ba a ɗora waɗannan a kan kyauta. Kafin ki bar wurin ki duba takardar. In kin bar fesuwa 70 amma rasit bai nuna komai ba, to kuɗin yana cikin aljihun tebur ne tare da cinikin ranar, kuma da dare in an zo ƙirga zai fito a matsayin rarar da ba ta da suna. Wannan kuɗi ba marayan da zai gan shi sai in wani ya ga dama.

Akwatin da ake ajiyewa kusa da na'ura ya fi wuyar sha'ani. Kin san irinsa, na roba mai haske, da ɗan kwaɗo a gefe, da hoton yaro wanda rana ta koɗar da shi, a ciki ga tsabar fesuwa 20 da 50 da 'yan takardun sidi ɗaya a nannaɗe. Ki duba ko akwai sunan ƙungiya da lambar rajistarta a jiki. A Gana ƙungiya mai zaman kanta tana yin rajista a ofishin rajistar kamfanoni ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019, Act 992, sannan ta nemi lasisin aiki daga ɓangaren ma'aikatar jin daɗin jama'a. Wadda ta bi wannan hanya ba ta jin kunyar rubuta sunanta. Akwatin da aka rubuta wa "a taimaki mabuƙata" kawai, ba suna ba adireshi, ni ba na sa ko sisi. Inda na ga ana abin tsakani da Allah, makulli na hannun ƙungiyar, mutum biyu ke buɗewa a gaban manaja, a ƙirga, a sa hannu a takarda. Kina da damar tambaya: wa ke riƙe da makullin, yaushe aka buɗe na ƙarshe, nawa aka samu? Kwatanta da gangamin gyaran asibitin Komfo Anokye da Asantehene, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II ya ƙaddamar a 2023. An faɗi sunan aikin, an faɗi adadin da ake nema, kuma duk wanda ya je dubiya zai iya ganin inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Ko roƙon fesuwa 50 ne ya kamata ya zo da suna haka.

In an ce ki tura ta MoMo, wato kuɗin waya, zuwa wata lamba da ke jikin akwati, ki karanta sunan da ya fito a wayarki kafin ki sa lambar sirri. In sunan mutum ne ya fito maimakon na ƙungiya, ki dakata.

Sai wani abu da ake cakuɗawa da sadaka alhali ba ita ba ne: "Hajiya, babu canji." Tun da aka sauya kuɗi a 2007, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, ƙananan tsabar kuɗi suka rasa daraja a idon mutane, har Babban Bankin Gana ya sha jan kunne cewa halastattun kuɗi ne, kada a ƙi karɓarsu. Sai ka ga an sa farashi 19.99, an miƙo maka alewa a madadin canji, ko a yi shiru. Canji haƙƙinki ne. In kin yafe, kin yafe wa kanti ne, ba maraya ba.

Game da laifi, babu. Sadakar nafila ce, mai yi ya samu lada, wanda bai yi ba ba a bin sa bashi. Sananniyar magana ce a wurin malamanmu cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, har suka yi magana a kan abin da aka karɓa saboda mai shi ya ji kunyar hanawa, suka ce mai karɓa in ya san haka ne bai kyauta ba. Ke da kike fita ranki ba daɗi, gara ki riƙe canjinki ki saya wa almajiri koko da ƙosai da zuciya ɗaya. Ba sai kin yi bayani ba. "Na gode, yau a'a" ta isa, ki miƙa hannu ki karɓi canjinki. Kada dai ki huce a kan yarinyar. Umarni aka ba ta ta tambayi kowa, tun safe take maimaitawa, kuma kafin ki kai ƙofa ta manta da fuskarki. Abin da ke rage wannan nauyi shi ne mutum ya yanke abin da zai bayar a wata tun daga gida, da waɗanda zai ba. Wanda ya san ya riga ya biya wa ɗan maƙwabciya kuɗin makaranta ba ya jin idon layi. In kuma ranki ya so, ƙungiyar tana da suna, rasit ya nuna, ki bayar, ko da aikin zai amfani wanda ba Musulmi ba, don sadakar nafila ba ta da wannan shinge.

Zakka kuwa, a'a, kada ki lissafa. Zakka tana da nisabi, kimanin giram 85 na zinari ko ƙimarsa, sai shekara ta zagayo a kai, a fitar da kashi biyu da rabi cikin 100, kuma tana buƙatar niyya lokacin fitarwa. Waɗanda ake ba wa takwas ne, an jera su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mutane da yawa ba su lura ba cewa maraici shi kaɗai ba ya cikin jerin. Maraya yana cin zakka ne in matalauci ne, wanda uba ya bar wa gidajen haya ba ya ci. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, talakan da za a ba ya zama Musulmi, kuma a raba ta a garin da ta wajaba ko kusa da shi, sai in wani wuri ya fi tsananin buƙata. Kuɗin bakin kanta ba ki san hannun da zai faɗa ba. Yana iya tafiya fenti, ko albashin ma'aikata, ko wani gari da hedikwatar kantin ta zaɓa. Duk waɗannan suna iya zama alheri, amma ba su sauke farali.

Zakkarki ki miƙa ta hannu da hannu ga wanda kika san halinsa a Aboabo ko Asawase, ko ta hannun limamin da kika amince da shi, ko ta asusun Zakat and Sadaqa Trust Fund da 'yan majalisa Musulmi suka kafa a 2010, kuma ki faɗa musu cewa zakka ce don kada a haɗa ta da kuɗin sadaka. Canjin da kika riga kika bari a watannin baya ya tafi a matsayin sadaka, don haka kada ki cire shi daga lissafin zakkar bana.