Amsa: Ina ruwan Damagaram da binciken teku a tsibirai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ina ruwanmu da masu binciken teku a tsibiran Karebiyan, mu da ko kogi ba mu da shi. Wallahi ruwanmu ne. Ƙurar hunturun nan da ke rufe Birni har ka kasa hango fadar Sarki, ta kwanta a kan tulu da faranti, yawancinta daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa. Irinta ce ke tsallaka tekun Atlantika cikin kusan mako guda. A Barbados, ɗaya daga cikin tsibiran Karebiyan, tun 1965 masana ke tace ta daga iska suna aunawa, kuma sun ga ta ƙaru sosai lokacin farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980. Sinadarin ƙarfen da ke cikinta kuwa taki ne ga ƙananan tsirran teku waɗanda kifi ke dogaro da su wajen samun abinci.