Amsa: Ƙuri'un 'yan wasa abin dogaro ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yawan ƙuri'u ya isa a zaɓi wasan da ake yi a burauza ba tare da an sauke shi ba. A ganina bai isa ba.

A shafukan wasanni irin su Poki da CrazyGames, alamar babban yatsa ce kawai ake dannawa, sama ko ƙasa. Yaro ya danna sama don motar ta burge shi, wani ya danna ƙasa don talla ta katse shi yana dab da gama mataki. Lambar ba za ta faɗa maka dalili ba.

Gara ka karanta sharhin da aka rubuta, irin na shafukan wasanni na itch.io da Newgrounds, kuma ka duba kwanan watansa. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, fasahar da ake gina wasannin burauza da ita a da, ranar 31 ga Disamba 2020, don haka tsofaffin wasanni da yawa an sake gina su da sabuwar fasahar HTML5, wasu kuma ta manhajar Ruffle mai kwaikwayon Flash suke gudana. Yabon 2015 na iya zama na wani zubin daban.

Ƙorafin da ya yi ta maimaituwa shi nake ɗauka da gaske: maɓallai ba sa amsawa a waya, ko ci gaban mutum ya ɓace da zarar ya goge bayanan burauza. In ka ga wanda ya ƙirƙiri wasan yana amsawa yana gyarawa, to gwada shi.