Ƙanwata mai son binciken guba a jikin kifi, ga abin da ya same ni

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na ce sai na natsu zan amsa, don kin fama min tsohon miki. Kin ce za ki fara digiri na biyu a kan guba a muhalli, malaminki yana so ki haɗa da aikin ƙwayoyin halitta, ki duba yadda ƙarafa masu guba ke taɓa DNA da RNA na kifi, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan halitta, ke kuma kin rasa ko aljihunki zai iya a nan gida ko ki jira tallafin karatu na waje. Wallahi kamar ni na rubuta.

Ni abin Zamfara na 2010 ne ya jawo ni fannin nan. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, saboda dutsen zinare da ake kawowa cikin gida a niƙa, ƙurar dalma ta bi ƙasa, mai rarrafe ya shafa ya kai baki. Wasu yaran dalmar jininsu ta wuce microgram 65 a kowane desilita na jini, iyakar abin da ƙaramar na'urar gwaji ke iya karantawa. Mu kuwa a aji mun haddace cewa dalma na toshe sinadarin ALAD da jiki ke haɗa jini da shi, haddar cin jarrabawa kawai. Sai ga shi a jikin 'ya'yan mutane. Daga nan na ce ni wannan zan karanta, ko babanmu bai iya juya ni ba.

Aikina a kan tarwaɗa da karfasa na kogin Challawa da ke Kano na yi, ƙasa da inda masana'antun jima ke sako ruwansu. Zan auna ƙarfen kuromiyam da dalma a hanta da tsoka, sannan in ciro RNA in ga ko kifin na ƙara yin furotin ɗin nan da ke kama ƙarfe a jiki. A takarda abin gwanin sha'awa. Damina da rani ina bin masunta, in fita bayan sallar asuba da kula cike da ƙanƙara, in fede kifi a bakin ruwa hannuna na rawa don sauri, kin san RNA ba ya jira, nan da nan yake lalacewa. Wata goma sha huɗu ina haka. Har ɗan kunnen zinarena na sayar na haɗa kuɗin sinadarai. Samfuran aikin RNA duka na zuba a akwati ɗaya, na roƙi alfarma aka sa min a firizar nan mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, a wani ɗakin gwaji da ba na sashenmu ba.

Aka tafi hutun Sallah. Na dawo na buɗe firiza, babu akwatina. Na duba sama, na duba ƙasa, na fito da na mutane ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka daina ji. Sai mai share ɗakin, Allah Ya saka wa dattijon nan, ya nuna min ƙaramin firij na ajiye lemo a bayan ƙofa. Wani babba ne ya kawo nasa samfuran, wuri bai ishe shi ba, ya ciro nawa ya tura can, firij ɗin kuma ba ya kan layin janareta. Ina ɗaga murfin wari ya buge ni. Har yau in na bi ta kasuwar kifi da rana sai zuciyata ta tashi. Duk da haka na ƙi yarda, na kwana biyu ina ciro RNA, na zuba a jel ɗin da ake duba lafiyarsa da shi na kunna fitila. Maimakon layuka biyun nan masu kyau da ake gani in RNA na da lafiya, sai wani shafaffen haske kamar an ja alli da ɗanyen tsumma. A ƙasa na zauna na yi kuka, da farar rigata da safar hannu.

Abin da ya fi ƙona min rai ba asarar ba ce, maganar mutumin ce. Na same shi da ladabi, har da rusunawa, na ce ranka ya daɗe samfurana ne aka fitar. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai kifi bai ƙare a kogi ba, in koma in kamo. Ya ƙara da cewa wa ya ba ni izinin sa kaya a firizarsu, a nuna masa a rubuce. Babu kuwa, da baki aka yi. Malamina ya ce in yi haƙuri, mutumin na cikin waɗanda za su zauna ranar kare aikina, ba a faɗa da kada ana cikin ruwa. Na haƙura don dole. Ko a ba ni haƙuri ba a yi ba har na bar wurin. Na yafe don Allah, amma in na ga sunansa a takarda sai in ji warin nan.

To ki ji. Kada ki taɓa tara samfuranki wuri guda. Ki raba kowane kashi uku, wurare uku, ki rubuta sunanki da lambar wayarki a jikin akwatin da alƙalamin da ba ya gogewa, izinin ajiya kuma a rubuce da sa hannu. Ki nemi ruwan nan RNAlater, yana riƙe nama kusan mako guda a zafin ɗaki, wata guda a firij na gida. Da na san shi da ban shiga wancan halin ba. Yana da tsada, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu.

Abin da ya cece ni kuwa, ƙarfe ba ya ruɓewa. Tsokar da na busar a oba na daka na ƙulle a leda tana nan lafiya, da ita na auna ƙarafan. Sannan akwai gilasan jinin kifi da na shafa tun a bakin kogi, don wata malama ta ce in yi ko ba na buƙata. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, ba kamar namu ba, in guba ta karya DNA za ki ga ɗan ɗigo ya ware kusa da cibiyar. Gilashi, methanol, rinin Giemsa da madubin likita, shi ke nan, babu ruwanki da NEPA. Sai dai ƙirga dubban ƙwayoyi har ido ya yi ja. Da wannan na fita. Ki gaya wa malaminki ku sa shi ginshiƙi, aikin RNA ya zama ƙari in hali ya yi. In ya nace, ki tambaye shi cikin ladabi wace na'urar PCR, wato mai ninka ƙwayoyin halitta don a iya auna su, za ki yi amfani da ita, kuma yaushe rabon da ta yi aiki. Ki je ki gani da idonki.

Wajen auna ƙarfe ma ki buɗe ido. Ki jiƙa kwalabenki a ruwan asid kafin amfani, ki sa kwalbar da babu komai ciki sai sinadaran narkarwa, sannan ki raba samfur ɗaya biyu ki ba su lamba daban ba tare da kin faɗa ba. In sakamakon ya yi hannun riga, kin san aikin da aka yi miki. Kuma na'urar auna ƙarfe ta AAS jimillar kuromiyam take ba ki, ba ta bambance mai lamba uku da ake jima da shi da mai lamba shida da ke jawo sankara. Kada ki rubuta abin da ba ki auna ba, a nan ake kama mutane.

Ban sani ba ko kina da aure. In kina da ciki ko shayarwa, don Allah ki nisanci narkar da nama a asid a ɗakin da babu mazuƙin hayaƙi, haka fenol da rinin jel. Muna binciken guba muna shaƙarta, abin dariya abin takaici. Ni yanzu ko kwallin dutse na hana a sa wa jarirai a gidanmu, don da yawansa dalma ce, har surukata ta yi fushi da ni wata guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiya, Amurka ma a 2021 ta sauke ma'auninta na yara zuwa microgram 3.5 a kowane desilita. Mu kuwa a 2015 abin Zamfara ya sake maimaituwa a Shikira ta jihar Neja.

Maganar waje, ni ban ga amfanin zaman jira ba. Ki cike neman tallafin karatu na Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus duk shekara, amma ki fara a nan. Tallafin TETFund, asusun ilimi na gwamnatin tarayya, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, in ba ki koyarwa kada ki sa rai. Masu ba da gurbin digiri na uku sun fi duba wadda ta riga ta fitar da takarda ko da guda ɗaya ce mai tsafta. Kafin ki fara, ku yi magana da malaminki a kan sunan wa zai zo farko a takardar, kunya ba ta da amfani a nan.

Na manta, in kin canza ra'ayi zuwa jinin mutane, sai da izinin kwamitin ɗa'a, kuma yana ɗaukar watanni, ki nema da wuri. Ki faɗa min wane kogi kike nufi da irin firizar da kuke da ita, akwai ragowar gilasai da kwalbar Giemsa a wurina da ban buɗe ba.